Birkin Vukadin

Ranar gashin tattasai a gidan Stana babu mai zaman banza. Tun hantsi aka hura wuta a ƙarƙashin faffaɗan farantin ƙarfe a tsakar gida, aka zube buhu shida na jan tattasai a inuwar rumfar inabi. Kaka ta yi, hayaƙi na tashi daga kowane gida a ƙauyen, kowa na son ya cika kwalabensa da ayvar, wato niƙaƙƙen gasasshen tattasai da ake soyawa a adana, kafin sanyi ya shigo. Milun, ƙanen Stana, ne ke juya tattasan a wuta har fatar ta yi baƙi, ya kwashe ya zuba a tukunya ya rufe. Stana da yayarta Zagorka suna zaune a ƙananan kujeru suna ɓare fatar da yatsu, hannuwansu sun yi jajawur har gwiwa.

Gordana, 'yar Stana tilo, ta zo daga birnin Nish a bas ɗin safe. Malamar makaranta ce, kuma sai da ta shekara goma da aure kafin ta sami wannan cikin, don haka ba wanda ya bari ta ɗaga ko bokiti. Matashi aka ba ta da ƙaramar wuƙa, aka ce ta zauna ta cire 'ya'yan tattasan kawai.

Zagorka ta leƙa kwanon ƙanwarta ta ce, "Ke wannan ɓarewa ce ko tausa? Dubi baƙi-baƙi. Wanda ya ci ayvar ɗinki sai ya wuni yana tofar da gawayi."

"Shekara arba'in kina ci, Yaya, ban ga kin rame ba."

"Haƙuri nake yi da ke."

Gordana ta bari suka gama, sannan ta ajiye wuƙar ta ce, "Ranar Talata aka yi mini hoton ciki. Mace ce."

Zagorka ta yi alamar gicciye da hannunta mai jan tattasai har ta bar tabo a goshi. Milun ya ɗaga cokalin ƙarfen da yake juyi da shi ya ce madalla, an ƙara masu ɓare tattasai a dangi. Stana ta miƙa wuya ta sumbaci 'yarta a kunci, tana riƙe da hannuwanta nesa da rigar yarinyar.

"Mun ma zaɓi suna, ni da mijina," in ji Gordana. "Na riga na faɗa wa kum Obrad, mai raɗa mana suna a coci. Sunanki za a sa mata, Mama. Stana."

Stana ta koma kujerarta. Ta ɗauki tattasai ɗaya ta ɓare shi tas, ta jefa a kwano, ta ɗauki wani.

"Ba za a sa ba," ta ce.

"Mama, don me? Suna ne mai daɗi, gajere, kuma yanzu an dawo yayin sunayen da."

"Ga Radmila, ga Slavka, ga sunan uwar mijinki. Duniya cike take da sunaye. Shekara goma muna jiran yarinyar nan, ba za ta zo a tarbe ta da wannan ba."

Milun, wanda bakinsa ke riga hankalinsa tun yana ƙarami, ya ce, "Haba, ai suna ne mai aiki. Ba don shi ba, da yau wa zai gasa muku tattasai?"

Stana ta ɗebo ɓawon tattasai cikin hannu, baƙi, jiƙaƙƙe, ta watsa masa a ƙirji. Ta tashi ta shige ɗakin girki ta ja ƙofa. Tattasai ya ci gaba da fashewa a wuta.

Kowa a yankin nan ya san daga kalmar tsayawa aka ciro sunan Stana, kuma gida iri biyu ne ke ba wa yarinya shi. A gidan da 'ya'ya ba sa zama, ana haifa suna komawa, sai a ce Stana, wato ki tsaya, kada ki bi 'yan'uwanki. A gidan da mata suka yi yawa kuwa, uba ya gaji da jiran namiji, shi ma Stana ake cewa, amma can ma'anar ita ce a tsaya haka nan, ya isa. A gidan Vukadin, mahaifin Stana, ba a taɓa binne jariri ba. Mata huɗu ya haifa a jere, lafiyayyu, Stana ta zo ta biyar, bayan shekara biyu kuma aka haifi Milun. Ba ta taɓa bukatar wani ya fassara mata sunanta ba.

Ko da ta so ta manta, mahaifinta bai bari ba. Duk shekara a bikin waliyyin gidansu, idan baƙi sun cika teburi, barasar gida ta zagaya sau biyu sau uku, sai ya jira ta shigo da tire ya kamo hannun rigarta.

"Ga birkina nan," zai ce. "Keken shanu ya gangaro ba ya tsayawa, mata huɗu a jere, sai na taka wannan, ƙiii! Sai ga namiji."

Baƙi su fashe da dariya kamar ba su ji bara ba. Ita kuma ta tsaya da tiren a hannu tana kallon ƙasa har ya sake ta. A makaranta Birki yara ke kiranta. Ranar bikinta ma sai da ya faɗa wa dangin ango. Mahaifiyarsu Persa ta rasu Stana tana da shekara bakwai, saboda haka babu wanda zai ce masa ya bari. Amma da ya tsufa ciwo ya kwantar da shi, ita ce ta ɗauko shi ta yi jinyarsa shekara biyu a wannan gidan, tana ba shi abinci a baki, tana yi masa wanka. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Ya rasu shekara ashirin da suka wuce. Yanzu ita ma tana da sittin da huɗu, ta binne miji, gashinta ya yi fari, amma har yau in aka kira sunanta da ƙarfi a cikin taro sai ta ji kafaɗunta sun ɗaure.

Gordana ta bi ta ɗakin girkin, ta same ta tana wanke hannu a famfo, wankin da ba ya ƙarewa.

"Na san labarin Kaka Vukadin, Mama. Amma ni idan na ji Stana ba shi nake tunawa ba. Ke nake tunawa."

"Ke ba ki tsaya da tire a gaban mutum talatin ba."

"Wa zai yi mata haka yanzu?"

"Kin ji kawunki da kunnenki, ko minti biyar ba a yi ba."

Haka aka ƙarasa aikin ranar ba armashi. An niƙa tattasan, an soya shi da mai a babbar tukunya ana juyawa da doguwar muciya, an cika kwalba arba'in da biyu. Da la'asar Gordana ta hau bas da kwalba shida a jaka da jajayen idanu.

Stana ta kwana biyu tana juya abin. Tun kaka da kakanni, gidan kum ne ke raɗa wa 'ya'yan gidansu suna a coci, kuma ko iyaye sun zaɓa, sai kum ya furta da bakinsa sunan ke zama. Idan Obrad ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare. Ranar Laraba ta sa baƙin siket ɗinta na fita, ta ɗauki kwalba biyu na sabon ayvar da ƙunshin kofi, ta je ta tsaya a ƙofar Milun.

"Tashi ka kai ni gidan kum."

Milun ya shiga ya sauya riga ya tayar da tsohuwar motarsa.

Gidan kum yana ƙauyen da cocin yake, bayan tudu, kilomita shida daga nasu. Suka tarar Obrad ya tafi gonar inabi. Matarsa ta karɓi kwalaben, ta kawo wa Stana cokalin 'ya'yan itace da aka dafa da sukari da kofin ruwan sanyi, ta ce ta shiga ciki ta jira, tsohuwa na nan. Milun ya ce shi a mota zai zauna.

Tsohuwar ita ce Dobrila, mahaifiyar Obrad, matar tsohon kum, wadda suke kira Kuma, mai shekara tamanin da bakwai. Shekara talatin ta yi a ƙasar waje, a birnin Biyana, ita da mijinta tana sharar ofisoshi, ta dawo gida da ciwon gwiwa da kunne ɗaya da ba ya ji. Tana zaune a bakin taga da tasa a cinya tana ɓare wake.

"Wace ce? Stana ta Vukadin? Matso in gan ki. Kai, kin tsufa."

"Ke ma ba yarinya ba ce, Kuma." Stana ta sunkuya ta sumbaci hannunta.

"Zauna ta wannan gefen, wancan kunnen ya riga ni mutuwa. Obrad ya ce 'yarki za ta haihu, kuma za mu sake samun Stana. Na ji daɗi."

"Abin da ya kawo ni ke nan, Kuma. Na zo in roƙe shi kada ya sa."

Dobrila ta daina ɓare waken. "Me sunan ya yi miki?"

"Kin fi kowa sani. Mijinki ne ya raɗa shi, Allah ya ji ƙansa. Ban ce laifinsa ba ne, abin da Baba ya so ya yi masa."

"Mijina?" Tsohuwar ta yi dariya har ta yi tari. "Mijina yana can Belgrad yana aikin gini, bai ma san an haife ki ba sai da ya dawo da bazara. Ni na raɗa miki suna. Kuma ubanki bai ce mini in sa komai ba."

Stana ta dube ta.

"Ba ki sani ba?" in ji Dobrila. Ta ajiye tasar a kan taga. "Wai da gaske ba ki sani ba? To saurara. Watan Janairu ne, shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya sati uku, ko keken shanu ba ya wucewa. Cikin Persa wata bakwai ne kacal naƙuda ta kama ta. Aka kwashe yayyenki aka kai gidan gwaggonku. Da asuba kika faɗo, kamar ɗan tsakon da aka fige, shuɗiya, ba kuka. Unguwarzoma ta dube ki ta ce wannan ba za ta kai azahar ba, a ajiye ta kusa da murhu a ji da uwar, don Persa jini take zubarwa. Ubanki ya naɗe ki a ulun tunkiya, ya cusa ki cikin rigarsa a jikin fatarsa, ya rufe da babbar rigar fata, ya fito. Da ƙafa ya hauro tudun nan da kika biyo yau a mota. Ƙanƙara har cinya."

"Baba?"

"Uba nawa gare ki? Da hantsi na ji ana dukan ƙofar nan kamar za a ɓalla. Na buɗe na ga mutum, gashin bakinsa ya daskare. Ya ce ina kum? Na ce ba ya nan. Ya ce to yau ke ce kum, sa takalmi. Shekarata ashirin da uku, amarya ce ni, ko riƙon jariri ban iya ba. Ya wuce gaba yana fasa hanya, ina taka inda ya taka. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka addu'a yake yi, na matsa don in ce amin. Ashe cikin rigarsa yake magana. Tsaya, yake cewa. Tsaya mini. Ga coci can, mun kusa. Kada ki tafi, ki tsaya. Haka har muka isa, bai yi shiru ba."

Matar Obrad ta shigo da kofi ta ajiye, ta dubi fuskar Stana, ta fita.

Dobrila ta ci gaba: "Limamin cocin ya leƙa rigar ya ce a yi sauri. Ruwan ma sai da aka ɗumama a butar shayi. Ya juyo gare ni ya ce, Kuma, mene ne sunanta? Wallahi kaina fayau, ko suna ɗaya babu. Ni da na san Radmila goma. Abin da ke kunnena kawai shi ne maganar da na yi ta ji a hanya. Na ce Stana. Ubanki ya ɗago ya dube ni. Ana zuba miki ruwan kika yi wani ɗan ƙara kamar mage. Shi ke nan fa, mutumin nan ya mayar da ke cikin riga, bai koma gida ba, ya miƙe sai asibitin gari, wani kilomita biyar. Takalminsa na hagu ya riga ya yage tun a tudu. Likita ya riƙe ki sati shida. Shi kuma aka yanke masa ƙananan yatsun ƙafa biyu, sanyi ya cinye su."

"Gatari ne," in ji Stana. "Gatari ne ya sare su, yana saran itace a dawa. Kowa ya san haka."

"Vukadin da gatari? Mutumin da zai feƙe miki fensir da gatari bai karya bakin ba?"

Stana ta san ƙafar. Shekara biyu tana wanke ta a cikin tasa, tana shafa mai a wurin da yatsun suka kamata su kasance.

"To birkin fa?" ta ce. "Daga ina birki ya fito?"

"Daga ƙofar kanti. Da ya warke ya fara fita yana ɗingishi, mazan ƙauyenku suka sa shi a gaba. Vukadin ya ba da yatsu biyu a kan mace ta biyar, da namiji ne da ƙafar duka zai bayar. Kin san su. Kuma kin san ubanki, ya gwammace a mare shi da a ce yana da taushin zuciya. Sai ya ce musu, ku wawaye ne, birkina ce, in ta mutu da me zan tsayar da keken? Suka kwashe da dariya. A da shi ake yi wa dariya, yanzu kuwa tare da shi ake yi. Daga ranar ya sami wurin ɓuya, bai sake fitowa ba. Da Milun ya zo kuwa, sai ƙaryar ta yi ƙafafu."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Da Persa ta rayu da ta faɗa miki. Yayyenki yara ne, ba su ga komai ba. Limamin ya mutu, ni na tafi Biyana. In na zo hutu na gan ki kina kai da kawo da tire, na ɗauka kin sani kina biye masa ne. Wa ke tare mutum ya tambaye shi ko ya san sunansa?"

Stana ta zata kuka zai zo, amma abin da ya taso mata fushi ne, mai zafi, irin wanda ta manta da shi tun tana budurwa.

"Rana ɗaya ya ɗauke ni, Kuma. Shekara arba'in yana sa ana yi mini dariya."

"Haka ne," in ji Dobrila, ta jawo tasar wakenta. "Ban ce miki bakinsa na da kyau ba. Abin da na gani na faɗa miki. Sha kofinki, ya huce."

Ba ta jira Obrad ba. Ta yi sallama ta fito ta shiga mota. Da suka kai kan tudu ta ce wa Milun ya tsaya. Ta fita ta tsaya a bakin hanya. Daga nan ana ganin duka biyun: can ƙasa ta dama jajayen rufin ƙauyensu, can ta hagu hasumiyar coci, gari kuma ya fi nisa, sai dai hayaƙinsa. Ta bi wannan hanyar sau ɗari ba ta taɓa auna ta da ido ba. Milun ya fito ya jingina da mota ya kunna taba, ita kuma ta faɗa masa duk abin da ta ji, ba ta dube shi ba.

Ya bari tabar ta ci har rabi kafin ya ce, "Yatsun ma?"

"Yatsun ma."

"Tsohon banza," in ji Milun a hankali. Ya goge hanci da bayan hannu. "Kin tuna lokacin da na ci jarrabawar direban jirgin ƙasa? Ina da shekara goma sha tara. Na kawo masa takardar, ya karanta, ya ce na taka birki ne don ka zo ka tsere mini? Ya jefa ta a murhu. Ke da tire ya ɗaure ki, ni da gona." Ya taka guntun tabar. "Abin da na faɗa ranar Lahadi, Yaya. Gadonsa na yi, kamar yadda na gaji gonar. Ba zan ƙara ba."

"Za ka ƙara. Na san bakinka."

"To in na ƙara ki watsa mini tattasai."

Da Stana ta kai wa Zagorka labarin, da farko ƙin yarda ta yi. Ta ce Dobrila ta rikice, tsofaffi ƙirƙirar labari suke yi don a zauna da su. Tana cikin faɗar haka tana yanka kabeji sai wuƙar ta tsaya. Ta ce ta tuna da suka dawo daga gidan Gwaggo ba jariri a gidan, aka ce musu yana gari. Inna a gado ɗaya, Baba a wani da ƙafa a naɗe, ita da shekara goma sha ɗaya take dafa musu abinci. Ta tuna kuma duk ranar kasuwa Baba kan ɗingisa ya hau keken shanun maƙwabci ya tafi gari, ya dawo ba komai a hannunsa. "Ni na zata giya yake zuwa sha," ta ce, ta zauna a kan buhun kabeji ta rufe fuska da gyalenta. Stana ce ta koma tana rarrashinta.

Sai ranar Asabar ta kira Gordana. Ta ba ta labarin daga farko, yadda Dobrila ta ba ta, ba ta ƙara ba, ba ta rage wa Vukadin laifinsa ba. Gordana ta yi kuka a waya har mijinta ya karɓa ya tambaya ko wani ne ya mutu.

"To yanzu fa, Mama?" in ji Gordana da ta dawo kan wayar. "In har yanzu ba ki so, wallahi na haƙura. Radmila ma ba laifi."

"'Yarki ce. Ki sa abin da kike so. Amma in kin sa, ke za ki faɗa mata dalili da bakinki, tun tana ƙarama, kafin wani ya riga ki."

"Kin yafe masa ke nan?"

"Ban ce ba. Ki ci ayvar ɗin nan kafin ya lalace, Zagorka ce ta rufe kwalaben."

Da ranar tunawa da matattu ta zo a farkon sanyi, Stana ta je maƙabarta kamar kowace shekara. Ta share kabarin mijinta da na mahaifiyarta, ta kunna kyandir. A kabarin Vukadin ta fi daɗewa. Matan da ke kusa sun ce sun ji tana magana, kuma muryar ba ta addu'a ba ce, faɗa take yi masa sosai, har da nuna yatsa. Da ta gama ta tsiyaya masa barasa a ƙasa, fiye da yadda ta saba.

An haifi yarinyar a ƙarshen Fabrairu a asibitin Nish, kilo uku da rabi, da kuka mai tayar da unguwa. Bayan bikin Ista aka kawo ta ƙauyen kum don baftisma. Dobrila ta ce ko a kan ƙofa ne sai an ɗauke ta, aka kuwa kawo ta a kujera aka ajiye gaba, tana ta mita da ƙarfi cewa limaman yanzu ja suke yi, na Stana minti biyar aka yi aka gama. Obrad ya riƙe jaririyar a farin zane. Stana tana tsaye a baya kusa da Zagorka, hankalinta ya tafi kan ko naman da ta bari a tanda zai ƙone.

Limamin ya tambayi suna, Obrad ya faɗa a hankali. Limamin ya ɗaga murya ya maimaita don kowa ya ji: "Stana!"

"Na'am?" in ji Stana daga baya.

Cocin ya kwashe da dariya, har limamin sai da ya ciji leɓe. Zagorka ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, "Ba ke ba, tsohuwa, an yi naki." Stana ta ji kunyar ta hau mata fuska, ta rufe baki da hannu, sai ta ga ita ma dariyar take yi. Jaririyar ta tsandara ihu da ruwa ya taɓa kanta, Gordana ta juyo tana neman tawul, Stana ta ratsa mutane ta kai mata.